J. Frank Norris (1877–1952): Fasto, Ɗan Jarida, Mai Ma'auni Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar John Franklyn Norris, faston ɗarikar Baftis a jihar Texas ta Amurka, wanda ya yi tashe daga 1909 zuwa 1952. An dubi tasowarsa, da yadda ya sarrafa jarida da 'yan ƙasidun wa'azi, da shari'o'in da aka yi masa, da kuma yadda ya ƙare da almajiransa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa Norris ya shafe rayuwarsa yana yaƙar danniyar shugabannin ɗarika, alhali shi bai taɓa yarda wani ya tuhume shi a tasa ikilisiyar ba, kuma mallakar injin buga takarda ce ta ba shi damar riƙe waɗannan ma'aunai biyu.

1.0 Gabatarwa

A kafafen yaɗa labarai na Hausa akan fassara kalmar Ingilishi ta fundamentalist da mai tsattsauran ra'ayin addini, kuma galibi hankalin mai sauraro kan tafi ga Musulmi. Asalin kalmar kuwa a tsakanin Kiristocin Furotesta na Amurka take. Daga 1910 zuwa 1915 aka buga wasu ƙananan littattafai goma sha biyu masu ɗauke da maƙalu casa'in, da sunan The Fundamentals, wato tushen aƙida. Attajiran mai guda biyu 'yan'uwan juna, Lyman Stewart da Milton Stewart, su suka ɗauki nauyin bugawa, aka raba kimanin kwafi miliyan uku kyauta ga fastoci da 'yan mishan da malaman tauhidi a ƙasashen da ake jin Ingilishi. Manufar ita ce kare wasu aƙidu da ake ganin sabon nazarin Littafi Mai Tsarki na jami'o'in Jamus yana neman rusawa, kamar kuɓutar Littafin daga kuskure, da haihuwar Almasihu daga budurwa, da tashinsa daga matattu. A 1920 ne wani editan jaridar Baftis, Curtis Lee Laws, ya ƙirƙiro sunan da aka riƙa kiran masu wannan ra'ayi da shi.

Wanda ya karanta waɗancan littattafai a yau zai tarar da harshensu a natse, irin na malamai masu kawo hujja. Cikin shekara goma da kammala su, salon ya sauya ƙwarai. 'Yan ƙasidu da jaridun mako-mako masu kiran sunayen mutane da tona asiri suka cika kasuwa. Daga cikin waɗanda suka jawo wannan sauyi a kudancin Amurka babu kamar J. Frank Norris.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Norris ranar 18 ga Satumba, 1877, a garin Dadeville na jihar Alabama. Mahaifinsa, Warner Norris, talakan manomi ne mai noma-mu-raba, kuma mashayin giya. Mahaifiyarsa, Mary, mace ce mai riƙo da addini, wadda ta sa a ranta cewa ɗanta zai zama mai wa'azi. Yana yaro iyalin suka yi ƙaura zuwa yankin Hubbard a Texas. A 1891 wani mutum ya harbi mahaifinsa, ya kuma harbi yaron da ya kawo masa ɗauki, kuma Norris ya daɗe yana jinya kafin ya miƙe. Talauci da giya da bindiga su ne abubuwan da ya buɗi ido ya gani, kuma dukkansu sun sake bayyana a rayuwarsa ta gaba.

Ya shiga Jami'ar Baylor da ke Waco, wadda ita ce babbar makarantar 'yan Baftis ta Texas, ya kammala a 1903. Shekara guda kafin nan ya auri Lillian Gaddy, 'yar wani mai wa'azin ɗarikar. Daga nan ya wuce makarantar tauhidi ta Baftis ta Kudu da ke Louisville a jihar Kentucky, ya gama a 1905, aka ba shi wata ƙaramar coci a Dallas. A 1907 ya zama editan Baptist Standard, jaridar ɗarikar a Texas. A wannan kujera ya fara gane ƙarfin takarda. Ya buɗe wa cacar sukuwar dawaki wuta a shafukan jaridar, har majalisar jihar ta haramta ta a 1909. Ya kuma taimaka wa B. H. Carroll wajen mayar da sabuwar makarantar tauhidi daga Waco zuwa Fort Worth. A wannan lokaci Norris ɗan gida ne a ɗarikar, mai ilimi, wanda manya ke sa ran zai gaje su.

3.0 Fort Worth: Daga Cocin Attajirai zuwa Dandalin Talakawa

A 1909 aka naɗa shi faston Cocin Baftis ta Farko a Fort Worth, muƙamin da ya riƙe har ya mutu. Coci ce ta attajiran shanu da manyan gari, kuma shekara biyu na farko ya bi da su yadda suke so. Daga 1911 ya juya. Ya fara tallata wa'azinsa da kanun da ke tayar da hankali, ciki har da wanda ya yi alkawarin bayyana sunayen manyan shaiɗanu goma na birnin. Ya tasar wa unguwar karuwai da gidajen giya da ake kira Hell's Half Acre, ya zargi magajin gari W. D. Davis da jami'ansa da ɗaure wa ɓarna gindi. Ɗaruruwan tsofaffin mambobi suka fice, ma'aikatan mahauta da leburori da sauran talakawa suka maye gurbinsu.

A farkon 1912 cocin ta ƙone, daga baya gidan faston ma ya kama da wuta. Norris ya ce maƙiyansa ne, ya kuma nuna wasiƙun barazana da ya ce an aiko masa. Hukuma ta ga abin ta wata fuska, ta tuhume shi da cinna wutar da kansa, da kuma rantsuwar ƙarya game da wasiƙun. Kotu ta wanke shi daga rantsuwar ƙarya a 1912, ta wanke shi daga laifin ƙone-ƙone a 1914. Wajibi ne mai nazari ya riƙe wannan: ba a taɓa kama Norris da laifin ba. Abin da ya dace a lura da shi shi ne darasin da ya ɗauka daga rikicin. Ya gano cewa duk tuhumar da aka yi masa yana iya juya ta ta zama shaidar cewa ana tsananta masa saboda gaskiya, kuma jama'a kan ƙaru a duk lokacin da ya yi haka. Kafin tsakiyar shekarun 1920 cocinsa na cikin mafi girma a Amurka, tana da zauren da ke ɗaukar dubban mutane da kuma gidan rediyo.

4.0 Takarda a Matsayin Makami

Norris ya kafa jaridarsa ta kansa, wadda ta fara da sunan Fence Rail, ta koma Searchlight, sannan daga 1927 ta zama The Fundamentalist. Hoton da ke saman Searchlight ya isa bayani a kan yadda yake kallon kansa. An zana shi riƙe da Littafi Mai Tsarki, yana haska Shaiɗan da babbar fitila. Ana rubuta wa'azinsa kamar yadda ya fito daga bakinsa, a buga a jaridar, a sake buga wasu a matsayin 'yan ƙasidu masu araha da ake aikawa ta gidan waya ko a raba a ƙofar tarurruka. A 1938 ya fitar da littafi kan tarihin cocinsa biyu, wanda galibinsa labarin nasarorinsa ne da kunyar da abokan gabansa suka sha.

Salon waɗannan takardu yana da siffofi da ke maimaita kansu. Akan ɗauki mutum guda a kira sunansa. Akan yanko jimla daga littafinsa ko jawabinsa a buga da manyan baƙaƙe. Akan jero tambayoyin da aka riga aka cusa zargi a cikinsu, a ƙalubalance shi ya amsa, idan ya yi shiru a ce ya amsa laifi, idan ya amsa a sami abin bugawa a mako na gaba. Mai zargi da mai gabatar da shaida da alƙali duk mutum ɗaya ne, wato mai jaridar.

Wanda ya fara ɗanɗana wannan sosai shi ne Grove Samuel Dow, malamin ilimin zamantakewa a Baylor. A 1921 Norris ya zarge shi da koyar da ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu a cikin littafin da ya wallafa, ya dinga sukarsa har Dow ya ajiye aiki. Daga nan ya juya kan shugaban jami'ar, Samuel Palmer Brooks, da sauran jagororin ɗarikar. Ya kuma yi adawa da gangamin tara dala miliyan 75 da Baftis ta Kudu ta ƙaddamar a 1919, yana mai cewa shugabanni na ɗora wa ikilisiyoyi haraji. Hujjarsa tana da tushe a aƙidar Baftis, domin a wurinsu kowace ikilisiya mai cin gashin kanta ce, babu bishop a kanta, kuma mambobi ne ke da ikon naɗa fasto da sauke shi. Norris ya riƙa siffanta shugabannin ɗarikar da masu neman zama paparomomi. Ƙungiyar cocin Baftis ta gundumar Tarrant ta kori cocinsa a 1922, babban taron Baftis na Texas ya rufe masa ƙofa gaba ɗaya a 1924. A 1923 ya haɗa kai da W. B. Riley na Minneapolis da T. T. Shields na Toronto a Kanada suka kafa wata ƙungiyar 'yan Baftis masu ra'ayinsu.

Korar ba ta rage masa komai ba, domin jaridar na hannunsa. Ya ci gaba da halartar garuruwan da ɗarikar ke taro, ya kama zaure a kusa, ya yi nasa taron. George W. Truett na Dallas, wanda ake ganin shi ne faston Baftis mafi ƙima a Texas, ya sha saƙonnin tangarahu na cin fuska daga Norris, waɗanda akan aika su iso dab da zai hau mumbari.

5.0 Kisan D. E. Chipps

A 1926 Norris ya shiga rigima da magajin garin Fort Worth, H. C. Meacham, wanda attajiri ne mai babban kanti. Ya zarge shi da amfani da kuɗin birni wajen sayen fili daga wata makarantar Katolika a kan farashin da ya wuce kima, ya ce fifita 'yan Katolika ake yi. Da Meacham ya sallami wasu ma'aikatan kantinsa mambobin cocin Norris, sai faston ya hau da su gaban jama'a ranar Lahadi suka ba da labari, ya kuma buga abin a jarida aka raba a gari.

Ranar Asabar 17 ga Yuli, 1926, wani dillalin katako abokin Meacham, Dexter Elliott Chipps, ya buga wa Norris waya cikin fushi, sannan ya zo ofishinsa da ke harabar cocin. Bayan musayar kalamai, Norris ya ɗauko bindiga daga aljihun tebur ya yi harbi, harsashi uku suka sami Chipps, ya mutu a ranar. Ba a sami makami a jikinsa ba. Norris ya ce Chipps ya yi barazanar kashe shi, kuma ya ga ya kai hannu kamar zai zaro bindiga. Washegari ya hau mumbari gaban cincirindon jama'a, ya yi wa'azi daga farkon sura ta takwas ta wasiƙar Bulus ga Romawa, inda ake maganar ɗauke hukunci daga kan masu bi. Jaridarsa ta mayar da kisan hujjar cewa akwai makircin Katolika da 'yan giya a kansa, kuma shugabannin ƙungiyar Ku Klux Klan ta Texas suka fito fili suka mara masa baya.

An mayar da shari'ar birnin Austin, aka yi ta a Janairun 1927. Lauyoyinsa sun kawo shaidu cewa Chipps mashayi ne mai saurin faɗa, kuma wani dattijon cocin da ke ofishin a lokacin ya goyi bayan labarin faston. Mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi bisa dalilin kare kai. A nan ma hukuncin kotu ya tsaya. Sai dai akwai tambayar da kotu ba ta da hurumin yi, kuma ikilisiyarsa ba ta yi ba. Mutumin da ya sa malami ya rasa aikinsa saboda sakin layi a littafi, ya kuma buga sunayen mutane saboda shan giya da caca, ya kashe mutum marar makami a ofishin coci, ya koma mumbari washegari ba tare da ya tsaya gaban wani kwamiti ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

6.0 Siyasa da Sauyin Abokan Gaba

A zaɓen shugaban ƙasa na 1928 Norris ya zagaya Texas yana yaƙar Al Smith na jam'iyyar Democrat, saboda shi ɗan Katolika ne kuma mai adawa da dokar hana sayar da giya da ta fara aiki a 1920. Herbert Hoover na Republican ya ci Texas, abin da ba a saba gani ba a lokacin, kuma Norris ya ɗauki nasarar a matsayin tasa. A farkon 1929 cocinsa ta sake ƙonewa, ya sake gina ta a cikin shekarun karayar tattalin arziki.

Daga 1935 ya haɗa fastancin Fort Worth da na cocin Temple Baptist da ke Detroit, birane biyu da ke da tazarar kusan kilomita 2,000, yana zirga-zirga ta jirgin ƙasa da na sama. Detroit a lokacin cike take da 'yan kudu da suka zo aiki a masana'antun motoci, kuma wa'azinsa ya dace da kunnensu. A tsakiyar shekarun 1940 ya yi iƙirarin cewa mambobin cocin biyu sun kai kimanin 25,000. A 1939 ya kafa makarantar horar da fastoci a Fort Worth tare da Louis Entzminger.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu babban abokin gabansa ya zama kwaminisanci. A 1947 ya tayar da ƙura a kan Louie Newton, shugaban Baftis ta Kudu, saboda kalaman sassauci da ya yi bayan ziyarar Tarayyar Sobiyet. A wannan shekara kuma ya gana da Paparoma Pius XII, ya fara yabon cocin Katolika a matsayin garkuwa daga kwaminisanci. Mutum na iya sauya ra'ayi, kuma wannan ba aibi ba ne. Abin lura shi ne Norris ya shafe shekaru yana hana wa wasu irin wannan dama, yana ɗaukar ko da zama wuri guda da abokin saɓani a matsayin cin amanar addini. A 1947 ɗin ne kuma ya rubuta wa Shugaba Harry Truman wasiƙa yana goyon bayan kafa ƙasar Yahudawa a Falasɗinu bisa fahimtarsa ta annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki. Game da wariyar launin fata a kudancin Amurka kuwa, ya mutu yana mai goyon bayanta.

7.0 Almajirai da Ɗa

Halin Norris ya fi fitowa fili a mu'amalarsa da na kusa da shi. John R. Rice na cikin haziƙan matasan da suka bi shi. A 1934 Rice ya kafa tasa jaridar, The Sword of the Lord, a Dallas, ya fara yin suna. A farkon 1936, lokacin da aka gayyaci Rice taron farkawa a Binghamton ta jihar New York, Norris ya yi ƙoƙarin sa a soke gayyatar, ya zarge shi a jarida da karkata ga aƙidar Fentikos. Suka rabu. Rice ya zama ɗaya daga cikin manyan marubuta 'yan ƙasidu na wannan tafarki, kuma ƙasidarsa ta 1941 kan aske gashin mata da matan da ke juya mazajensu da mata masu wa'azi na cikin waɗanda aka fi tunawa. Ya bar ubangidansa, ya tafi da sana'ar da ya koya a wurinsa.

A 1944 Norris ya miƙa wa ɗansa George ragamar cocin Fort Worth. Da ɗan ya fara tafiyar da al'amura yadda ya ga ya dace, uban ya dawo ya karɓe a 1945, George ya fita da wasu mambobi suka kafa wata coci a birnin. Mafi girman ɓaraka ta zo a 1950. G. Beauchamp Vick, wanda shi ne ainihin mai riƙe da cocin Detroit tsawon shekaru, ya karɓi shugabancin makarantar fastoci ta Fort Worth a 1948, ya nemi a tsara harkar kuɗi da mulki. Norris ya kewaye shi, ya sa aka sauya dokoki aka tuɓe shi. A watan Mayun 1950 Vick da fastoci da yawa suka ɓalle, suka kafa Baptist Bible Fellowship da kwalejinta a Springfield ta jihar Missouri, kuma cocin Detroit ta kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye ta rabu da Norris. Ya mayar da martani da makamin da ya saba, wato jarida, ya cika ta da zarge-zarge kan mutuncin tsofaffin abokan aikinsa da iyalansu. Ƙorafin waɗanda suka fita shi ne mulkin mutum ɗaya, wato ainihin abin da ya zargi shugabannin ɗarika da shi shekara talatin da suka wuce.

Norris ya mutu ranar 20 ga Agusta, 1952, a jihar Florida, inda ya je taron matasa, aka binne shi a Fort Worth. Makarantar da ya kafa ta koma Arlington, tana nan har yau. Daga kwalejin Springfield, wadda masu guje masa suka gina, Jerry Falwell ya kammala karatu a 1956, kuma shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, wadda ta shigar da masu wannan ra'ayi cikin siyasar Amurka gadan-gadan. Barry Hankins ya wallafa cikakken nazarin rayuwar Norris a 1996 da sunan God's Rascal.

8.0 Kammalawa

Ba adalci ba ne a ɗauki Norris a matsayin maƙaryaci kawai. Mai fasahar magana ne, ya buɗe ƙofar babbar coci ga talakawan da a da ba su da wurin zama a cikinta, kuma ƙiyayyarsa ga giya ta samo asali daga abin da ya gani a gidan ubansa. Babu kuma dalilin shakkar cewa ya gaskata aƙidun da yake karewa. Munafuncin da tarihinsa ya nuna na ma'auni ne: ya nemi kowa ya amsa tambayoyinsa, shi kuma ya kawar da duk wanda zai iya tambayarsa, daga dattawan cocin 1911 har zuwa ɗansa da Vick. 'Yancin ikilisiya da ya yi ta karewa ya zama 'yancin fasto daga kowace irin tuhuma.

Wannan na da amfani ga masu nazarin adabin wa'azi da na raddi a kowane harshe. 'Yar ƙasidar addini kan zo da siffar hujja, da ayoyi da lambobin shafi, har mai karatu ya ɗauka muhawarar ilimi ce kawai. Tarihin Norris ya nuna cewa fahimtar irin wannan matani na buƙatar sanin wanda ya mallaki injin bugawa, da rikicin da ake ciki a makon da aka buga shi, da ko wanda aka soka yana da inda zai mayar da martani, da kuma ko akwai wanda ke da ikon kiran marubucin ya yi bayani. A Fort Worth, daga 1911 zuwa 1952, amsar tambaya ta ƙarshe ita ce babu, in ban da kotunan da suka saurare shi sau uku suka sallame shi.